Kafofin Intanet da Koyar da Kalmomi a Aji: Nazari a kan Makarantun Firamare na Dei-Dei, Abuja

Tsakure

Maƙalar ta duba irin amfanin da malamin firamare zai iya samu daga kafofin intanet wajen koyar da kalmomin Hausa da na Turanci, ta kuma ɗauki Dei-Dei, ɗaya daga cikin garuruwan da ke gefen birnin Abuja, a matsayin fagen nazari. Hujjar da aka kafa ita ce, yawancin manhajojin da ake tallata wa makarantu an gina su ne bisa zaton kowane ɗalibi yana riƙe da na'ura da layin intanet marar yankewa, alhali abin da ke akwai a galibin azuzuwan irin wannan yanki bai wuce wayar malami guda ɗaya ba. Saboda haka kafar da ta dace da wurin ita ce wadda malami zai sauke abin da ke cikinta sau ɗaya, ya tace shi, ya mayar da shi kan allo da kwali, sannan ya ɗora shi bisa kalmomin da yaro ya riga ya zo da su daga gida da kasuwa.

1.0 Dei-Dei da harsunan da ke cikin ajinta

Dei-Dei tana kan babban titin da ya taso daga tsakiyar Abuja, ya ratsa Kubwa ya nufi Zuba, kuma an fi saninta da kasuwanninta: ta kayan gini, ta katako, ta dabbobi da ta kayan miya. Yankin asalinsa ƙasar Gbagyi ne, amma tun da aka ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, aka kuma mayar da fadar gwamnati daga Legas a Disambar 1991, tsadar haya a cikin birni ta riƙa tura ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu zuwa gefe. Abin da wannan ya haifar a makaranta shi ne aji guda da ya haɗa ɗan Bahaushe dillalin shanu, da ɗan Bafillace, da ɗan Ibo mai shagon tayil, da ɗan Bayarabe, da ɗan Gbagyi manomi, kowa da harshen da ya tsotsa, ga kuma Hausa da Turancin buroka suna ɗinke su a filin wasa.

Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa a shekarun farko na firamare, kafin a koma Turanci daga aji huɗu. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa wannan tanadi zuwa shekara shida, sai kuma a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi ya sanar da janye shi da mayar da Turanci harshen koyarwa. Ko da wanne aka riƙa, yaron Dei-Dei yana fuskantar abu guda: littafinsa da jarrabawarsa da Turanci suke, tunaninsa kuwa da wani harshen yake tafiya, kuma kalma ce gadar da ke tsakani. Yaro yana iya haɗa baƙi da wasali ya furta jimla daga farko har ƙarshe ba tare da tuntuɓe ba, amma a tambaye shi abin da ya karanta ya yi shiru, domin furta kalma daban, saninta daban.

2.0 Abin da ake nufi da sanin kalma

Rumbun kalmomi, a wannan maƙala, yana nufin jimillar kalmomin da mutum ya sani a harshe, waɗanda yake ganewa idan ya ji ko ya karanta, da waɗanda yake iya amfani da su da kansa a magana ko a rubuce. Na farkon kullum sun fi na biyun yawa. Paul Nation, masanin koyar da harshe na ƙasar New Zealand, ya kasa sanin kalma gida uku a littafinsa na 2001: sanin sigarta, wato furucinta da rubutunta da gaɓoɓin da suka gina ta, sanin ma'anarta, da sanin yadda ake sarrafa ta a jimla, da waɗanne kalmomi take tafiya, a wane wuri kuma ake faɗinta. Wannan rabo yana da amfani ga mai auna kafofin intanet, domin akasarinsu gida na biyu kawai suke taɓawa, shi ma da rabi: su ba da kalma guda a madadin kalma guda, su wuce.

Akwai kuma batun yawa. Binciken Batia Laufer na 1989 ya nuna mai karatu yana buƙatar sanin aƙalla kashi 95 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya sami fahimta mai ɗan gamsarwa, shi kuwa na Hu da Nation na 2000 ya kai mizanin kashi 98 ga mai karatu ba tare da taimako ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce, shafi mai kalma 200 da yaro bai san 10 daga ciki ba ya riga ya kai iyakar abin da zai iya ɗauka. Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa karanta jarida ko littafin hikaya na Turanci yana buƙatar dangin kalmomi tsakanin 8,000 zuwa 9,000, dangin kalma kuwa shi ne saiwa tare da dukkan abin da ya tsira daga gare ta. Ba malamin da zai koyar da wannan adadi ɗaya bayan ɗaya a shekara shida, don haka zaɓe shi ne rabin aikin.

Kan zaɓen, Isabel Beck da abokan aikinta sun ba da rabo mai sauƙi a 2002: akwai kalmomin yau da kullum da yaro ke tsinta da kansa, akwai kalmomin littafi da ke yawo a kowane darasi, irin masu ma'anar kwatanta, kimanta, bambanta, dalili da sakamako, akwai kuma keɓaɓɓun kalmomi na fanni guda. Rukuni na biyu shi ne ya fi cancantar lokacin aji, kuma shi ne ya fi kayar da yara a jarrabawa, saboda da shi ake gina tambaya kanta. Jerin kalmomi kimanin 2,000 mafi yawan aukuwa da Michael West ya buga a 1953, da jerin dangi 570 na kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a 2000, dukansu ana samunsu kyauta a intanet, kuma ana iya cewa su ne mafi amfanin abin da malamin Turanci zai sauke, ko da yake ba su da hoto ko kiɗa, ba kuma wanda ke tallata su.

3.0 Ƙamusu

Hausa ta yi sa'ar ƙamus fiye da yawancin harsunan Afirka. G. P. Bargery ya buga nasa a 1934 da kalmomi kimanin dubu 39, R. C. Abraham ya biyo baya a 1949, Paul Newman da Roxana Ma Newman suka fitar da ƙaraminsu na zamani a 1977 tare da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, ita cibiyar kuma ta buga Ƙamusun Hausa, na Hausa zuwa Hausa, a 2006. Daga cikin waɗannan, na Bargery ne aka daɗe da sanyawa a intanet yadda za a iya rubuta kalma a nemo ta. Darajarsa ga malamin Dei-Dei tana da girma ta fuskar da ba a cika lura da ita ba: ya tara kalmomin kiwo da noma da sana'o'i da na karuruwan harshe daban-daban, kuma irin waɗannan kalmomi ne ke bakin yaran da iyayensu ke kasuwar dabbobi. Yaron da ya san bambancin maraƙi da karsana da bijimi, ko na bunsuru da taure, ya riga ya iya rarrabe jinsin abu zuwa rukunoni, wanda shi ne tushen darasin kimiyya. Abin da ya rage a nuna masa cewa saninsa sani ne, har littafi ya ajiye shi.

Sai dai na Bargery ƙamus ne na masana, an yi shi da Turancin shekaru casa'in da suka wuce, yadda ya rubuta wasu sautuka ya sha bamban da ƙa'idar yau, kuma ba za a sami kalmomin fasaha da mulki da suka shigo bayansa ba. Kayan aikin malami ne a daren shirin darasi, ba abin da za a miƙa wa ɗan aji uku ba.

Ƙananan manhajojin ƙamus da ke cike da rumbun Play Store kuwa, su suka fi kusa da hannun malamai, su kuma suka fi buƙatar taka-tsantsan. Da yawansu ba a san wanda ya tsara su ba, ba su faɗi inda suka samo kalmominsu ba, kuma sukan zubar da ƙugiyar baƙaƙen ɓ, ɗ da ƙ. Babba ya san daga muhallin jimla ko ƙasa ake nufi ko kasa, amma yaro mai koyon rubutu abin da ya gani shi yake kwafewa, kuma abin da ya kwafa a aji biyu da wuya ya rabu da shi a sakandare. Wannan matsala tana da magani mai arha, tun da faifan rubutu na Gboard da makamantansa suna ɗauke da tsarin Hausa mai ƙugiya, sanya shi a waya kuma aikin 'yan mintoci ne. Wadda ba ta da magani mai arha ita ce ta karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa, shi ya sa garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo suke da rubutu ɗaya. Ga ɗan Bahaushe wannan ba komai ba ne. Ga ɗan Ibo ko ɗan Gbagyi da ke ɗaukar Hausa a matsayin darasi, ƙamus marar murya rabin ƙamus ne, kuma a nan muryar malami, ko wadda ya naɗa a waya daga bakin wani dattijo, ta fi kowace manhaja.

Wani giɓin kuma shi ne na ginin kalma. F. W. Parsons ya bayyana a 1960 cewa aikatau na Hausa yana da giredi bakwai, wato sigogi da saiwa guda ke ɗauka ta hanyar sauya ƙarshenta da karin sauti, kowace da tata ma'ana: saya, sayo, saye, sayar, sayu. Manhajar da ta ba da ɗaya daga ciki ta tsaya ta ɓoye wa yaro huɗu, alhali malamin da ya jera su a allo da misalin cinikin rago ya koyar da kalma biyar da kuɗin guda.

4.0 Fassarar inji

An shigar da Hausa cikin Google Translate a Disambar 2013, kuma tun daga ƙarshen 2022 manhajojin hira irin su ChatGPT suka bazu, har Meta ta sanya tata a cikin WhatsApp. Dukansu daga tarin rubutun da ke intanet suke koyo, rubutun Hausa a can kuwa kaɗan ne idan aka gwada da na Turanci, mafi yawansa kuma labarai ne da rubutun addini. Wannan ya sa suka fi ƙwarewa a jimlar siyasa fiye da jimlar kicin ko ta kasuwar katako, sukan kuma gauraya jinsi, su ɗauki ma'anar farko ta kalma mai ma'ana da yawa, ko su ƙago kalmar da ba wanda ke faɗi, su kawo ta da cikakken tabbaci. Ƙungiyoyin masu bincike irin su Masakhane da HausaNLP suna aikin cike wannan giɓi, kuma ana ganin ci gaba. Duk da haka, ƙa'idar da ta dace da aji ita ce, malami yana iya neman inji ya zayyano masa jimloli goma na misali don rage masa wahala, amma kada jimla ta hau allo sai ta bi ta kunnen wanda ya san harshen. Akwai ma darasi a cikin kuskuren: 'yan aji shida da aka ba fassarar inji su gyara sukan yi muhawara a kan ma'ana, muhawarar kuma ita ce koyon.

5.0 Littattafan labarai da gidajen rediyo

Idan an yarda cewa kalma ba ta zama a kai sai an yi ta cin karo da ita a muhallai mabambanta, to kafar da ta fi kowace muhimmanci ita ce mai samar da abin karantawa daidai ƙarfin yaro, domin shi ne abin da ya fi ƙaranci a gidaje da makarantun gwamnati. African Storybook, na cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu, da StoryWeaver, wanda Pratham Books ta Indiya ta buɗe a 2015, da Bloom Library na ƙungiyar SIL, dukansu suna da labaran yara masu hotuna da Hausa da Turanci, an jera su mataki-mataki gwargwadon wuya, an kuma saki akasarinsu da lasisin da ya halatta a sauke, a buga, a fassara, a sauya. Wannan izini na ƙarshe ya fi komai: malami yana da damar sauya sunan gari da na abinci, ya gyara Hausar da ta yi masa baƙo, ya kuma ajiye labari guda da harshe biyu gefe da gefe. Ingancin fassarorin bai zama ɗaya ba, tun da masu sa-kai ne suka yi da yawa daga ciki, don haka karantawa kafin bugawa wajibi ne.

A Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, dandalin darussa da ya bi manhajar karatun ƙasa, mai ɗauke da abubuwa da Turanci da Hausa da Ibo da Yarbanci. Kafin shi an yi shirye-shiryen karatu da Hausa a jihohi, irin su RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta! a Bauchi da Sakkwato, waɗanda suka bar littattafai da jagororin malamai da aka gwada a azuzuwan gaske. Malamin Babban Birnin Tarayya ba ya cikin waɗanda aka horar a waɗancan shirye-shirye, amma yaran ajinsa da yawa daga waɗancan jihohin iyayensu suka taso.

Ga manyan azuzuwa akwai shafukan sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957, da na Jamus da Faransa, da jaridar Aminiya. A nan ne sababbin kalmomi ke fara fitowa, kuma gajeren labari guda a kan farashin tumatir ko ambaliya yana ɗauke da kalmomin rukuni na biyu fiye da shafi guda na littafin aji. Aikin malami shi ne ya kauce wa labaran da ba su dace da shekarun yara ba, ya kuma gyara ƙugiya inda aka bar ta.

6.0 Manhajojin bita da wasa

Quizlet da Kahoot da ire-irensu su ne aka fi ambata a tarukan horar da malamai, kuma su ne mafi ƙarancin dacewa da wurin da ake magana. Suna buƙatar na'urori a hannun yara da intanet a lokacin darasi, a ajin da ɗalibansa sukan zarce 35 ɗin da manufar ilimi ta ƙayyade wa malami guda, a unguwar da wuta ba ta da tabbas, bayan kuma hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Abin ɗauka a cikinsu shi ne dabarar da ke ƙarƙashinsu. Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, kuma bitar da aka warwatsa a kan lokaci ta fi wadda aka tara wuri guda. Sebastian Leitner ya mayar da wannan tsarin akwatuna da katuna a 1972, manhajar Anki kuma, wadda ke aiki a wayar Android kyauta ba tare da intanet ba, ta mayar da shi lissafin inji. Almajirin da ke tilawar abin da ya haddace jiya da na makon jiya kafin ya ɗora sabo ya san wannan dabara tun kafin a ba ta suna.

7.0 Yadda darasi zai kasance

Misali zai fayyace abin da ake nufi. A ɗauki darasin awo a aji huɗu, inda ake son yara su mallaki kalmomi takwas na Turanci, cikinsu har da masu ma'anar tsawo, faɗi, kauri, auna, kimanta da kwatanta. Malama ta duba jerin West da daddare ta tabbatar kalmomin na yawan aukuwa ne, ta nemi ma'anoninsu da furucinsu a ƙamus mai murya, ta sauke gajeren labari guda da suka fito a ciki. A hanyarta ta wucewa ta kasuwar katako ta ɗauki hoto uku da wayarta: falanki a jingine, tulin katakon rufi, da hannun mai yanka riƙe da tef. Washegari ba ta buƙatar data ko majigi. Wayar ta zaga layi-layi, ita kuma ta tambaya da Hausa, ko da buroka ga wanda bai ji ba, me ake kiran wannan katako a kasuwa.

A irin wannan aji da wuya a rasa yaron da zai ce tu-bai-fo, har ya ƙara da cewa tsawonsa ƙafa goma sha biyu ne, domin ya sha ɗauka a shagon babansa ko na maigidan yayansa. Daga bakinsa darasin ya tashi: biyun kauri ne, huɗun faɗi ne, da inci aka auna, inci guda kuma santimita 2.54 ne, don haka katakon ya haura mita uku da rabi a tsawo. Kalmomin Turancin sun hau allo kowace kusa da takwararta ta Hausa, yaran da ke da wani harshen suka ƙara nasu, aka kimanta tsawon benci da taku kafin a auna shi da tef, aka kwatanta abin da aka kimanta da abin da aka samu. Bayan haka aka karanta labarin, inda kalmomin suka sake fitowa a wani muhalli. Kowace kalma ta sami katin kwali, gaba Turanci, baya Hausa da jimla da ɗan zane, aka jefa a na farkon kwalayen sabulu uku da ke kan taga: na farko ana duba shi kullum, na biyu sau biyu a mako, na uku ranar Juma'a. Katin da yara suka gane ya matsa gaba, wanda ya gagara ya koma na farko.

A cikin wannan darasi intanet ta yi aiki huɗu, zaɓen kalma, tabbatar da ma'ana, furuci da samar da labari, kuma duk ta yi su ne kafin a buga ƙararrawa. Abin da aka sauke sau ɗaya kuma yana iya yawo tsakanin malamai ta Xender ko Bluetooth ko zauren WhatsApp ba tare da kowa ya sake biya ba. Hanyar da masu tura finafinan Hausa da waƙoƙi a katin memori suka buɗe a kowace kasuwa ta Arewa ta isa ta ɗauki ɗaruruwan littattafan yara, tun da littafi guda bai kai nauyin waƙar bidiyo ɗaya ba. Makarantar da ke da kwamfuta ko guda ce, da ɗan faifan sola, tana iya ɗora Kolibri ko Kiwix, waɗanda aka ƙera musamman don ajiye darussa da Wikipedia a wurin da babu layi.

8.0 Gurbin da ya rage

Akwai rashin adalci guda da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Duk abin da aka lissafa a sama Hausa ce da Turanci suka fi cin moriyarsa, sai Ibo da Yarbanci. Ɗan Gbagyi, wanda a ƙasar kakanninsa aka gina makarantar, abin da zai samu da harshensa a waɗannan kafofi kaɗan ne ƙwarai. Malamin da ya mayar da Hausa gada ga kowa ba tare da ya bar wa sauran harsuna gurbi a allo ba, ya sake maimaita wa wasu yaran abin da Turanci ya yi wa ɗan Bahaushe. Manhajar Bloom an yi ta ne don wanda ba masanin kwamfuta ba ya iya haɗa ƙaramin littafi da kowane harshe, kuma iyaye da dattawan unguwa su ne ƙamus ɗin da za a tambaya.

Ita ma Hausar, abin da malamin firamare ya fi buƙata ba ya samuwa cikin sauƙi: jerin kalmomi da aka tsara aji-aji gwargwadon yawan aukuwarsu a littattafan yara, da ƙugiya, da jinsi da jam'i, da jimlar misali, da murya. Aiki ne da bai fi ƙarfin cibiyoyin da ke kusa ba. Kwalejin Ilimi ta Babban Birnin Tarayya tana Zuba, tafiyar 'yan mintoci daga Dei-Dei, kuma ɗalibanta suna fita koyon aikin koyarwa a makarantun yankin kowace shekara. Da za a ɗora wa kowannensu tattara kalma hamsin daga littafin ajin da ya riƙa, ya naɗi furucinsu, ya rubuta takwarorinsu a harsunan yaran ajin, malaman sashen harsuna su tace, hukumar ilimin bai-ɗaya ta birnin ta sake su da lasisin kyauta, da an sami kayan da ya fito daga azuzuwan da za su yi amfani da shi. Sharuɗɗan da za a gindaya tun farko su ne, a rubuta komai da daidaitacciyar Hausa tare da nuna karin harshe inda ya bambanta, kada a sanya hoton fuska ko sunan wani yaro, fayil ɗin kuma ya zama mai sauƙin da ƙaramar waya za ta buɗe shi ba tare da data ba.